Hazo, Sanyi da Sanƙarau: Yadda Makarantar 'Ya'yanku Za Ta Amfana da Hasashen Yanayi a Hunturu

Wata safiya cikin watan Disamba ina bakin aiki a sashen taimakon gaggawa na yara, sai ga wani malamin makaranta ya shigo a gigice, ɗauke da yarinya 'yar kimanin shekara tara. Numfashinta na fita da ƙyar, ƙirjinta na kuka kamar usur, ba ta iya haɗa kalma uku sai ta tsaya ta ja iska. Yarinyar na da asma. Iyayenta sun sani, malamanta ba su sani ba. Ta fi rabin awa a tsaye a filin taron safe, cikin hazon da malamin ya ce ko ƙofar makarantar ba a hangowa sosai daga bakin aji, ga kuma abin shaƙarta an baro shi a gida. Allah ya sa an kawo ta da wuri, bayan kwana biyu muka sallame ta.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, wannan hazo bai zo ba zato ba tsammani ba. Kwana biyu kafin ranar na karanta a wayata cewa hukumar kula da yanayi ta ce ƙura mai kauri na tafe. Ma'aikatan filin jirgin sama sun ji, sun shirya. A makarantar da yara ɗaruruwa za su tsaya a fili da sanyin safiya kuwa, babu wanda aka ɗora wa alhakin ya ji, balle ya yi wani abu a kai.

Wannan giɓi nake so mu duba tare, musamman ku iyayen da ke da yaro mai asma, ko mai amosanin jini, ko wanda ke makarantar kwana ko tsangaya. Sanarwar hasashen yanayi ba ta hana yaro ciwo sai an riga an zauna an rubuta abin da makaranta za ta yi idan ta fito. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga ina hazon yake tasowa?

Mafi yawan ƙurar da ke rufe mana sama daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris tana tasowa ne daga Sahara, musamman wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi, kusa da garin Faya. Wurin tsohon gindin tafkin Chadi ne da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, ya bar fara-farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iskar arewa maso gabas tana matsuwa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta ɗebi wannan gari ta yi sama da shi. Yankin Bilma a Nijar ma yana ba da nasa kason.

Tsakanin Faya da Kano akwai tafiyar da ta haura kilomita 1,000, ƙurar kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta iso. Tauraron ɗan'adam yana ganin tashinta, na'urori suna lissafa inda iska za ta kai ta. Shi ya sa hazo yana cikin abubuwan da masana yanayi suke iya hangowa tun kafin ya sauka. Wannan kwana ɗaya ko biyu su ne jarin makaranta.

Ƙurar da ido ke gani a kan tebur da gashin ido ita ce mai girma, hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta. Wadda ta fi damunmu a asibiti ita ce ƙanana ƙwarai, da ake kira PM2.5, waɗanda sai an jera kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashi guda. Su ne ke wucewa har ƙarshen huhu. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, bai kamata matsakaicinsu a yini guda ya wuce maikirogiram 15 a kowane kubik mita ɗaya na iska ba, na masu ɗan girma da ake kira PM10 kuma kada ya wuce 45. A ranar hazo mai kauri, iskar garuruwanmu tana ninka wannan iyaka sau da yawa. Yaro kuma ya fi babba saurin numfashi, in yana gudu ta baki yake shaƙa, don haka gwargwadon jikinsa ya fi ku kwasar ƙura.

Wa ke ba da gargaɗi, kuma a ina ake samu?

A Najeriya, Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, ita ke da wannan aiki. Abubuwa uku daga cikin abin da take fitarwa sun shafi makarantu kai tsaye.

Na farko, hasashen kwana uku da take fitarwa a kai a kai, wanda ke faɗin inda za a yi hazo, da kaurinsa, da nisan da ido zai iya gani. Ana samunsa a shafinta na intanet da Facebook da X, kamfanin dillancin labarai na ƙasa da jaridu da gidajen rediyo kuma suna ɗauka.

Na biyu, sanarwar musamman da take fitarwa idan an ga ƙura mai yawa ta taso daga Chadi ko Nijar. A cikinta ne za ku ji an ja kunnen masu jiragen sama, da direbobi, da masu ciwon numfashi.

Na uku, hasashen shekara da ake ƙaddamarwa a farkon kowace shekara. Manoma sun fi saninsa saboda maganar saukar damina, amma a cikinsa akwai bayanin zafi da sanyi na watannin farko, da taswirar wuraren da yanayi zai fi ba sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro damar yaɗuwa.

A Jamhuriyar Nijar, hukumar yanayi ta ƙasa ce ke wannan aiki. A Yamai kuma akwai cibiyar yanayi ta nahiyar Afirka mai suna ACMAD, wadda ke fitar da rahoton sa ido kan yanayin da ke kawo sanƙarau. Akwai wata cibiya a birnin Basalona na Sifaniya, ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya, da ke wallafa taswirar tafiyar ƙurar Sahara kullum, kowa na iya dubawa kyauta. Ta ɓangaren cututtuka, hukumar NCDC tana fitar da rahoton halin da ake ciki kan sanƙarau a lokacinsa, tana da lambar kira kyauta, 6232.

Manhajojin yanayi da ke cikin wayoyinku ma suna taimakawa, musamman wajen sanin sanyin asuba. Sai dai ku sani alƙaluman ingancin iska da suke nunawa na yawancin garuruwanmu ƙiyasin kwamfuta ne, domin na'urorin auna iska a ƙasa ba su da yawa a yankinmu. Ku ɗauke su a matsayin manuniya, ku haɗa da abin da idonku ya gani.

Alƙaluma uku da za ku nema a cikin sanarwa

Nisan gani. Idan sanarwa ta ce za a iya gani daga kilomita 2 zuwa 5, ana nufin hazo matsakaici. Idan ta ce mita 1,000 ko ƙasa da haka, hazo mai kauri ke nan. An tsara wannan ma'auni ne don matuƙan jirgi, amma yana ba mu hasken yawan ƙurar da ke cikin iska. Makaranta na iya yin nata ma'aunin ba tare da kashe ko kwabo ba: a zaɓi wani abu tsayayye da ake hangowa daga harabar makaranta, kamar hasumiyar masallaci, ko tankin ruwa, ko ƙarfen sabis, a auna nisansa da taswirar waya. A sami guda a wajen kilomita 1, a sami wani a wajen kilomita 3. Duk safiya malami ɗaya ya duba. Ranar da na kusa ya ɓace, ba sai an jira kowa ya faɗa ba.

Mafi ƙarancin zafi. Hasashe kan ba da lamba biyu, ta rana da ta dare. Ta daren ita ce abin dubawa a hunturu, domin sanyi ya fi tsanani daga asuba zuwa fitowar rana, daidai lokacin da yara ke wanka, suna tafiya makaranta, suna tsayuwa a layi. A Kano da Katsina da Zariya da Maraɗi, sanyin asuba a Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15, wasu ranakun ya kusanci 10. A Jos yakan fi haka sauka. In da iska, jiki yana jin sanyin fiye da abin da lambar ta nuna.

Danshin iska. A tsakiyar hunturu danshin iska da rana yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Shi ke kawo haɓo, da fashewar leɓe, da kaushi da faso. Abin da ba a gani shi ne fatar cikin hanci da maƙogwaro ma tana bushewa ta tsattsage, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Yaro kuma yana rasa ruwan jiki ba tare da ya ji ƙishirwa ba, saboda sanyi.

Abin da wasu ƙasashe suka gane

Ƙasashen da ke fama da dusar ƙanƙara sun daɗe da gane cewa faɗin lamba kawai ba ya isa. A Amurka, hukumar yanayi ta raba sanarwarta hawa-hawa: akwai wadda ke cewa abu zai iya faruwa, a zauna cikin shiri; akwai wadda ke cewa zai takura amma da sauƙi, a yi hattara; akwai wadda ke cewa haɗari ya iso ko yana dab da isowa, a ɗauki mataki. A watan Oktoba na 2024 har sunayen sanarwar tsananin sanyi suka sauya don mutane su fi fahimta. Hukumar yanayin ba ita ke rufe makaranta ba. Hukumomin ilimi na yanki ne ke yanke hukunci, kuma da yawansu sun riga sun rubuta matakin da ke sa a jinkirta buɗe makaranta da awa biyu, da wanda ke hana yara fita filin wasa, da wanda ke sa a zauna a gida. A Birtaniya launi ake amfani da shi: rawaya, ruwan goro, ja.

Ko a nahiyarmu an fara. A watan Maris na 2024 gwamnatin Sudan ta Kudu ta rufe dukkan makarantu na kimanin mako biyu bayan an yi hasashen zafi zai kai digiri 45. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tun 2022 ta ɗaura aniyar ganin kowane mutum a duniya yana samun gargaɗin gaggawa kan yanayi kafin ƙarshen 2027.

Mu ba ƙanƙara ke damunmu ba, kuma tsarinsu ba zai zauna mana daidai ba. Darasi ɗaya ne abin ɗauka: kowane mataki na gargaɗi a ɗaure shi da wani aiki da aka sani, da sunan wanda zai yi shi.

Matakai uku da kowace makaranta za ta iya rubutawa

Abin da ke tafe shawara ce ta likita, ba dokar wata hukuma ba. Kowace makaranta ta zauna da kwamitin iyaye da malamai da ma'aikacin lafiya na kusa, su gyara ta daidai da halinsu. Takarda ɗaya ta isa, a manna ta a ofishin shugaban makaranta.

Mataki na ɗaya, shirin dukan hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris, a naɗa malami ɗaya da mataimakinsa su riƙa duba hasashe kowace yamma, su sanar da shugaban makaranta kafin isha'i. A rubuta sunayen yara masu asma, da amosanin jini, da ciwon zuciya, tare da lambar iyayensu. A ƙyale yara su sa rigar sanyi da hula da safa ko da ba kalar kayan makaranta ba ne. A tanadi ruwan sha, a riƙa tuna wa yara su sha. A yayyafa ruwa kafin a yi shara, a cire masu asma daga jerin masu shara da masu goge allo. A daina ƙona bola a harabar makaranta lokacin da yara ke nan.

Mataki na biyu, ranar hazo matsakaici, ko ranar da sanyin asuba zai sauka wajen digiri 12 ko ƙasa. A taƙaita taron safe zuwa minti biyar ko goma, ko a yi shi cikin aji. Yaran da ke cikin jerin nan kada su yi gudu ko motsa jiki a fili. A tabbatar abin shaƙar kowane mai asma yana cikin jakarsa. A makarantar kwana a ɗaga lokacin wanka zuwa hantsi ko bayan azahar, ko a samar da ruwan ɗumi ga ƙanana da masu amosanin jini.

Mataki na uku, ranar hazo mai kauri, nisan gani mita 1,000 ko ƙasa. Babu taro a fili, babu wasanni, babu aikin gayya, babu horon da zai sa yaro ya durƙusa a waje. A rufe tagogin da ke fuskantar iskar, wato na arewa da gabas, a bar na ɗaya ɓangaren a ɗan buɗe. A aika wa iyaye saƙo tun dare. Yaro mai asma da ya kwana yana tari, ko mai amosanin jini da ke jin ciwo, a ba shi uzurin zama a gida ba tare da an hukunta shi ba. A ja kunnen direbobin motar makaranta da masu a-daidaita-sahu su rage gudu su kunna fitila.

Game da takunkumi: ƙyalle ko gefen hijabi yana tare manyan ƙura, yana kuma ɗumama iskar da ake shaƙa, wannan ma amfani ne ga mai asma. Amma ƙananan ƙurar nan suna ratsa shi. Takunkumi irin N95 da ya zauna daidai a fuska shi ya fi tarewa. Kada a sa wa yaron da bai kai shekara biyu ba takunkumi ko wane iri, kada kuma a bar shi a fuskar wanda numfashinsa ya riga ya sarƙe.

Yaran da sanyi da ƙura suka fi yi wa illa

Mai asma. Iska mai sanyi da bushewa da ƙura, kowannensu kaɗai yana iya tayar da ciwon, a hunturu kuma tare suke zuwa. Ku nemi likitanku ya rubuta muku takarda da ke faɗin maganin yaron, da adadin fesawa, da alamomin da ke nuna a garzaya asibiti, ku kai wa malamin ajinsa kwafi. Abin shaƙa ba ya kama jiki, kuma ba alamar cewa ciwo ya gagara ba ne, kamar yadda wasu iyaye ke tsoro. Maganin ya fi isa huhu idan an fesa ta cikin mazurarin da ake sayarwa don haka. In babu, robar ruwa mai rabin lita tana yin aikin: a huda gindinta daidai bakin abin shaƙar, yaro ya kama bakin robar da leɓɓansa, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi sau biyar, sannan a sake. Idan yaro ya kasa magana, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓɓansa sun sauya launi, a ci gaba da fesawa har sau goma ana kan hanyar asibiti.

Mai amosanin jini. A Najeriya ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan ciwo duk shekara, don haka da wuya a sami babbar makarantar da babu su. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, ƙarancin ruwa yana sa jini ya yi kauri, sai ƙwayoyin jinin su maƙale, ciwon ƙashi ya tashi. Wanka da ruwan da ya kwana a waje kaɗai ya isa ya kwantar da irin wannan yaro mako guda. Ciwon ƙirji, ko wahalar numfashi, ko zazzaɓin da ya kai digiri 38, asibiti ake zuwa nan take.

Ƙananan yara 'yan nazare da rabin aji. Ciwon nimoniya ya fi kama su. Ku ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance shiru. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa wata goma sha ɗaya, 50 ko fiye.

Almajirai da 'yan makarantar kwana. Su ne ke kwana da yawa a ɗaki ɗaya ko a zaure, wasu ba bargo. A nan haɗari biyu ke haɗuwa. Na farko garwashi: shigar da kasko ko kurfoti cikin ɗaki a rufe ƙofa yana tara wata iska mai guba da ba ta da wari ko launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuma yana iya wucewa bai farka ba. Na biyu gobara, domin komai a bushe yake, ga iska. A ji ɗumi a waje, a kashe wuta kafin a kwanta, kada a kulle ƙofar ɗakin kwana ta waje da kwaɗo. Idan ɗanku yana tsangaya, bargo da rigar sanyi da ziyara ga alaramma kafin sanyi ya kankama suna cikin haƙƙinsa a kanku.

Sanƙarau: gargaɗin da ya fi tsada idan aka yi sakaci

Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna tsakiyar yankin da ake kira zirin sanƙarau, ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha. Cutar tana bin yanayi: takan fara ɗagowa idan iska ta bushe ƙura ta yawaita, ta yi tsanani daga Fabrairu zuwa Afrilu lokacin da zafi ke shigowa, ta lafa da saukar ruwan sama. Ƙwayar cutar tana zama a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta yi musu komai ba, tana yaɗuwa ta tari da atishawa da cunkoso. Idan ƙura da bushewa suka raunata fatar maƙogwaro, sai ta sami hanyar shiga jini ta kai ga rigar ƙwaƙwalwa.

Mun ɗanɗana. A 1996 Najeriya ta sami masu cutar fiye da 100,000, fiye da 11,000 suka rasu. Rigakafin nau'in A da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, aka shigo da shi Najeriya a 2011, ya kusan kawar da wannan nau'i. Sai nau'in C ya taso: annobar da ta faro daga Zamfara a ƙarshen 2016 ta kama mutum fiye da 14,000, ta kashe fiye da 1,100. Tsakanin 1 ga Oktoba 2023 da 11 ga Maris 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 1,742 da ake zaton sun kamu da 153 da suka rasu a jihohi bakwai: Adamawa, Bauchi, Gombe, Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara. A Yobe, 'yan makarantun kwana na cikin waɗanda suka rasu. A watan Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabon rigakafin Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar a allura ɗaya.

Ga makaranta, gargaɗin sanƙarau daga NiMet ko NCDC yana nufin abu huɗu. A duba katin rigakafin ɗalibai, a kuma buɗe ƙofa ga masu rigakafi idan sun zo. A rage cunkoso a ɗakin kwana, a ba da tazara tsakanin gadaje. A koya wa masu kula da ɗakunan kwana alamomin: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, ruɗewa, jijjiga, ko ɗigo-ɗigo masu duhu a fata. Sannan a ajiye lambar jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma.

A nan akwai tsaka mai wuya da ya kamata ku sani. Ƙura na cewa a rufe taga, sanƙarau na cewa a buɗe. Ɗakin da yara 60 ke kwana a rufe ruf ya fi ƙurar haɗari. Shi ya sa na ce a rufe ɓangaren iska kawai, a rataya labule mai ɗan danshi, a bar iska tana wucewa ta ɗaya ɓangaren.

Sanƙarau na iya kashewa cikin awa 24. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin mutum shida da suka kamu da nau'in da bakteriya ke kawowa ɗaya yana rasuwa, cikin biyar kuma ɗaya yana tashi da nakasa kamar kurumta ko farfaɗiya. Ɗalibin da ya nuna alamun nan da ƙarfe biyun dare, da ƙarfe biyun dare ake kai shi asibiti. Ba a ba shi farasitamol a ce a gani zuwa safe, ba a kuma jiran iyaye su iso daga wani gari. A wuri irin makarantar kwana ko bariki, ƙa'idar hukumar ita ce mutum biyu da aka tabbatar sun kamu cikin mako guda sun isa a yi wa kowa rigakafi. Ɓoye labari don kare sunan makaranta yana cinye kwanakin da za a ceci sauran.

A rufe makaranta ko kada a rufe?

Wasu iyaye za su ce in dai hazo ya kai haka, a sallami yara kawai. Ina ganin a mafi yawan lokuta wannan ba mafita ba ce. Ƙurar da ke makaranta ita ce a gida. Yaron da aka sallama da wuya ya zauna a ɗaki, yana layi yana ƙwallo, ko an ɗora masa talla. Hazo kuma yakan zo ya tafi sau da yawa a cikin wata uku ko huɗu, in za a rufe duk lokacin da ya sauka, zangon karatu na biyu ya tafi a banza, a yankin da dama yara ke fama da ƙarancin kwanakin karatu. Gyara tsarin yini ya fi rufewa amfani, kuma ya fi sauƙi.

Ko a lokacin sanƙarau, sallamar ɗalibai cikin gaggawa tana da nata haɗarin. Cutar kan ɗauki kwana 2 zuwa 10 kafin ta bayyana. Yaron da ya kamu bai sani ba yana iya tafiya ƙauyen da babu asibiti kusa, ya kwanta a can, ya kuma kai wa ƙannensa. Wannan hukunci ne da za a yanke tare da jami'an lafiya, bayan sun duba waɗanda suka yi cuɗanya da mara lafiyar sun ba su maganin kariya. In an sallami yara, a sallame su da takardar da ke faɗa wa iyaye alamomin da za su lura da su.

Akwai kuma gyaran da ya fi ƙarfin makaranta ɗaya. Sanarwar yanayi galibi da Turanci take fitowa, cikin harshen da ya fi dacewa da matuƙan jirgi. Ma'aikatun ilimi da na lafiya na jihohi suna iya karɓarta su mayar da ita saƙon Hausa mai layi uku, su tura wa shugabannin makarantu da alarammomi ta waya, gidajen rediyo su karanta da daddare da kuma bayan asuba. Wannan ba ya bukatar sabon gini ko babban kasafi.

Tambayoyi biyar da za ku kai taron iyaye da malamai

Wa ke duba hasashen yanayi a makarantar nan, kuma ta yaya yake sanar da iyaye?

Me ake yi da taron safe da wasanni ranar hazo mai kauri?

Shin malamin ajin ɗana ya san ciwonsa, ya san inda maganinsa yake, ya iya amfani da shi?

Idan yaro ya rikice da rana ko da dare, wane asibiti ake kai shi, da wace mota, wa ke da ikon cewa a tafi ba tare da jiran kowa ba?

A makarantar kwana, yara nawa ke kwana a ɗaki ɗaya, kuma an yi musu rigakafin sanƙarau?

Ku yi tambayoyin cikin mutunci. Yawancin malamai ba ƙi suke yi ba, ba a taɓa nuna musu ba ne. Malamin da ya kawo min yarinyar nan ya tsaya a bakin gado har numfashinta ya daidaita, kafin ya tafi ya roƙi in nuna masa yadda ake amfani da abin shaƙa. Na nuna masa da robar ruwa, ya sa ta a aljihu ya koma aji.

Kafin makon nan ya ƙare, ku rubuta sunan ɗanku da ciwonsa da maganinsa da lambar wayarku a takarda ɗaya, ku miƙa wa malamin ajinsa hannu da hannu. Allah ya kare mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.